Yadda za ka nemi cikakken tallafin karatun digiri na biyu da na uku a ƙasashen waje daga Kano

Duk shekara idan watan Agusta ya kama, sanarwar tallafin karatu kan fara yawo a rukunonin WhatsApp na tsofaffin ɗaliban BUK da Wudil da Northwest. Wani ya tura, wani ya ce Allah ya ba mai rabo sa'a, a wuce. Sai saura kwana uku a rufe za ka ga mutum ya nufi shagon kwamfuta a Kabuga ko Zoo Road da fayil a hammata, ba fasfo, ba tiranskirif (takardar makin kwasa-kwasan jami'a), yana roƙon yaron shago ya cike masa fom. Abin yana damuna ƙwarai, domin cikin waɗannan matasa akwai waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta fi ta wasu da ake ɗauka. Shiri ne kawai ya raba su. Wanda zai tafi karatu a watan Satumba na baɗi, tun yanzu aikinsa ya fara.

Da farko mu fahimci abin da muke nema. Cikakken tallafi shi ne wanda zai biya kuɗin makaranta gaba ɗaya, ya ba ka alawus na wata-wata da zai ishe ka haya da abinci, ya saya maka tikitin jirgi zuwa da dawowa, sau da yawa har da inshorar lafiya da kuɗin biza. Idan jami'a ta ce ta yi maka rangwamen kashi 30 ko 50 cikin ɗari, ka gode mata, amma ka lissafa ragowar da farashin fam ko dala na yau kafin ka yi murna. Gidaje da yawa sun sayar da fili saboda irin wannan rangwame, karatun kuma ya tsaya a tsakiya.

Takardu tukuna

Ka ɗauko takardunka duka ka shimfiɗa su a tabarma: WAEC ko NECO, shaidar digiri, takardar hidimar ƙasa, NIN, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru. Ka bi sunanka harafi bayan harafi. A wajenmu wannan babbar matsala ce. A WAEC an rubuta Mohammed, a digiri Muhammad, a NIN kuma Muhammed. Wani a sakandare sunan unguwarsu ne a ƙarshe, Dala ko Gwale ko Yakasai, da ya shiga jami'a ya mayar da sunan kakansa. Wata ta yi aure an canja mata zuwa sunan miji a takarda ɗaya, sauran suna nan da sunan mahaifi. Mu mun san mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da ke zaune a Landan ko Bonn bai sani ba. Ranar haihuwa ma haka. Ka zaɓi abin da ke kan shaidar digirinka, ka gyara NIN ya dace da shi, sannan ka yi fasfo. Inda gyara ba zai yiwu ba, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa da ke tabbatar da sunayen duk naka ne, ka ajiye ta.

Fasfo ana biyan kuɗinsa ta intanet, sannan a je ofishin shige da fice, kamar na Farm Centre, a ɗauki hoto da zanen yatsa. Kada ka jira sai ka ga sanarwa. Fom da yawa a shafin farko suke neman lambar fasfo.

Sai tiranskirif, wato takardar da ke nuna kowane kwas da ka yi da makin da ka samu. Ita ce ta fi cin lokaci, don fayil ɗinka sai ya bi ta sashe da tsangaya da ofishin jarrabawa, kuma yajin aiki na iya faɗowa a tsakani. Ka nema tun wata shida kafin buƙata. Ka nemi kwafin ɗalibi wanda za ka riƙe ka riƙa ɗorawa a fom, domin a matakin farko yawanci shi ake karɓa. Wanda jami'a ke aikawa kai tsaye sai daga baya. A wannan zuwan ka nemi wasiƙa daga ofishin rajistara da ke shaida cewa da Turanci aka koyar da kai. Idan duk sun haɗu, ka yi musu sikanin mai kyau, ba hoton waya da inuwar hannunka a kai ba, ka sa wa kowace suna, ka adana a imel da Google Drive.

Wanne ne ya dace da kai

A ma'aunin maki 5, daga 4.50 ne digiri mai daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 kuma shi ne 2:1. Yawancin manyan tallafi 2:1 suke nema. Mai 2:2 ƙofa ba ta rufe masa ba, sai dai ya ƙara da wani abu: mastas a gida da sakamako mai kyau, ko shekarun aiki na gaske, ko bincike da ya wallafa. Mai HND ya karanta sharaɗin kowace jami'a da kansa, don wasu suna karɓa idan an haɗa da PGD, wato difloma ta gaba da digiri, wasu ba sa karɓa sam.

Chevening na gwamnatin Birtaniya ne, mastas na shekara ɗaya a kowane fanni. Yana neman ƙwarewar aiki ta shekara biyu, wato awa 2,800, kuma ana lissafa aikin sa-kai da na wucin gadi. Za ka zaɓi kwas uku, dole ɗaya daga cikinsu ya ba ka gurbi marar sharaɗi, kuma za ka yi alkawarin dawowa gida na aƙalla shekara biyu. Ana buɗewa a Agusta. Shi ba maki ya fi dubawa ba, jagoranci da tasirin da ka yi a cikin mutane yake dubawa. Commonwealth shi ma na Birtaniya ne, amma hanya biyu gare shi. Akwai wanda sai ka bi ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya da ke Abuja ta miƙa sunanka, akwai kuma na haɗin gwiwa da jami'o'i, wanda ake kira Shared, da ba ya bi ta Abuja. Mutane da yawa na farkon kaɗai suka sani.

Erasmus Mundus na Tarayyar Turai ne. Za ka yi mastas a ƙasashe aƙalla biyu, alawus Yuro 1,400 a wata, kuma ba kowane kwas ne ke neman ƙwarewar aiki ba, don haka ya dace da wanda bai daɗe da gama hidimar ƙasa ba. Kowane kwas shi ke karɓar takardunsa, galibi tsakanin Oktoba da Janairu. A Jamus akwai DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta ƙasar, musamman shirinsu na EPOS na kwasa-kwasan raya ƙasa irin su noma, ruwa, lafiyar al'umma, injiniyanci da tsara birane. Yana neman shekara biyu ta aiki, kuma an fi so digirinka kada ya wuce shekara shida. Da yawa daga kwasa-kwasan da Turanci ake koyarwa.

Türkiye Bursları na gwamnatin Turkiyya ana nemansa daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Mai neman mastas ya kasance ƙasa da shekara 30, mai neman digirgir ƙasa da 35, kuma akwai shekara guda ta koyon Turkanci. Stipendium Hungaricum na Hungary yana rufewa a tsakiyar Janairu, shi ma sai da sa hannun Abuja. MEXT na Japan ta ofishin jakadancinsu ake nema. Masu kimiyya da injiniyanci su duba jami'o'in KAUST da KFUPM a Saudiyya, da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulunci da ke Jidda. Gidauniyar Mastercard tana ɗaukar nauyin ɗaliban Afirka a jami'o'i irin su Edinburgh, McGill, Cape Town da reshen Carnegie Mellon da ke Kigali, kuma ta jami'ar ake nema. Wanda ya karanta lissafi ko fiziks kada ya raina AIMS, makarantar nazarin kimiyyar lissafi ta Afirka, mai cibiyoyi a Afirka ta Kudu, Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda, don daga can mutane da yawa suka wuce digirgir a manyan jami'o'i. A gida akwai PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na gwamnatin tarayya, ga fannonin da suka shafi man fetur da makamashi, ga kuma na gwamnatin jihar Kano da ta tura masu digiri mai daraja ta ɗaya zuwa Indiya da Uganda a 2023.

Shawarata ita ce ka zaɓi huɗu ko biyar da ka cika sharuɗɗansu tsaf, ka rubuta ranar rufewar kowanne ka manna a bangon ɗaki. Ranakun suna motsawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka daga shafin masu tallafin za ka ɗauko su, ba daga saƙon da aka turo maka ba. Neman guda ashirin da rubutu iri ɗaya ɓata data ne.

Jarrabawar Turanci

Jami'o'in Birtaniya da yawa suna karɓar C6 ko sama a Turancin WAEC, wasu a Turai suna karɓar wasiƙar rajistara. Amma mai sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS a hannu ya fi kowa yawan ƙofofi. Sassa huɗu ne: sauraro, karatu, rubutu da magana. Yawanci ana neman 6.5 a jimla, kada wani sashe ya gaza 6.0, kuma sakamakon shekara biyu yake aiki. Kuɗinta da nauyi, don haka kada ka shiga sai ka yi wata biyu kana gwaji da agogo a gabanka. Inda yaranmu suka fi faɗuwa shi ne rubutu da sauraro, domin kunnenmu bai saba da saurin bakin Bature ba. Ka riƙa sauraren shirye-shiryen Turanci kullum, ko a Adaidaita Sahu ne kana hanyar aiki.

Rubutun da zai yi magana a madadinka

A rubutun da za ka bayyana kanka da dalilin neman tallafin, nan ne ake cin nasara, nan ne kuma ake faɗuwa. Masu tantancewa ba su san ka ba, ba su san gidanku ba. Abin da ka rubuta shi ne kai. Dubban mutane suna da 2:1 irin naka.

Kuskuren farko shi ne roƙo. Mutum ya cika shafi da cewa shi maraya ne, gidansu talakawa ne, a taimaka masa don Allah. Ko da gaskiya ne, waɗannan mutane ba sadaka suke rabawa ba. Suna neman wanda idan suka kashe masa kuɗi zai koma ya yi wani aiki da za a gani. Wahalar da ka sha tana da wuri a rubutun idan ta nuna abin da ka yi duk da ita.

Na biyu shi ne maganar da ba ta da ƙasa. "Ina son in karanta harkar noma domin in taimaki ƙasata Najeriya, wadda Allah ya albarkace ta da ƙasar noma." Kowa zai iya rubuta wannan, daga Legas har Nairobi. Ka kwatanta da wanda ya ce yana aikin malamin gona a yankin Kadawa, kuma duk kakar tumatir yana tsayawa a kasuwar Kwanar Gafan yana kallon kwanduna suna ruɓewa a rana saboda mota ba ta zo ba kuma babu wurin sanyaya kaya. Ya faɗi abin da ya gwada da hannunsa, misali ya tara manoma ya koya musu shanya tumatir a kan raga maimakon a ƙasa, ya faɗi adadinsu na gaskiya da abin da ya canja. Sannan ya ce iliminsa ya tsaya a nan, kuma kwas kaza a jami'a kaza yana da darasi kan adana amfanin gona bayan girbi, ga sunan darasin, ga malamin da ke bincike a kai. A ƙarshe ya faɗi abin da zai yi a shekara biyun farko bayan ya dawo, da hukumar ko ƙungiyar da zai yi aiki da ita. Wannan rubutu mutum ɗaya ne a duniya zai iya yin sa.

Kano cike take da irin wannan. Ruwan majemu na Challawa da Sharaɗa da Bompai da ke gangarawa cikin koguna. Ambaliyar unguwanni duk damina saboda an cike kududdufai an yi gini. Yaran da ba sa zuwa makaranta. Matan da ke haihuwa a gida. Rubutattun littattafan ajami da ke lalacewa a zaurukan malamai. Ba sai ka ƙirƙiro matsala ba, ka ɗauki wadda hannunka ya taɓa.

Akwai kuma abin da tarbiyyarmu ke jawowa. An koya mana kunya da kawaici, mutum ba ya yabon kansa, ko shi ya yi aikin sai ya ce an yi ko mun yi. Ɗabi'a ce mai kyau, amma a wannan fom tana cutarwa. Idan ke ce kika tara matan unguwa kika kafa adashen da ya saya musu keken ɗinki, ki rubuta cewa ke kika yi, ki faɗi yadda kika shawo kan waɗanda suka ƙi. Idan kai ne ka shirya darasin yamma kyauta ga 'yan JAMB a makarantar Islamiyyar unguwarku, jagoranci ke nan. Faɗin gaskiyar abin da ka aikata ba alfahari ba ne. Mutane da yawa suna zaton sai mai muƙami ne jagora, alhali masu tantancewa sun fi son jin matsalar da ka tarar, matakin da ka ɗauka, da abin da ya biyo baya.

Kada ka kwafi rubutun wanda ya ci bara, kada kuma ka sa manhajar AI ta rubuta maka daga farko zuwa ƙarshe. Kayan aro ba ya rufe katara. Ana binciken kwafi, kuma ko ka tsallake, a intabiyu za a tambaye ka abin da ba ka taɓa yi ba. Ka rubuta da kanka, ka ajiye kwana biyu, ka karanta da ƙarfi, ka gyara. Sannan ka ba mutum biyu: wanda ya san fanninka, da wanda ya iya Turanci. CV kuma kada ya wuce shafi biyu, a cire addini da ƙaramar hukuma da sunan firamare.

Masu yi maka shaida

Yawanci ana neman wasiƙa biyu ko uku. Malamin da ya duba furojet ɗinka ya fi farfesan da bai san fuskarka ba, komai girman sunansa. Ka je ofishinsa da kanka tun saura wata biyu, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Malam, ina neman tallafin karatu kaza, ina roƙon ka yi mini shaida." Ka bar masa CV da rubutunka da ranar rufewa. Ka roƙi ya yi amfani da imel na jami'a da takarda mai tambarin sashe. Sau da yawa saƙon da za a turo masa yana faɗawa cikin tarkacen imel, don haka ka koma ka tuna masa cikin ladabi. Malamanmu aiki ya yi musu yawa, tunatarwa ba rashin kunya ba ce.

Mai neman digirgir

Hanyarka ta ɗan bambanta. A Birtaniya da Jamus da Ostireliya, sau da yawa sai ka sami malamin da ya yarda zai duba bincikenka. A Holand da Sweden da Norway kuwa gurbin digirgir aiki ne da ake tallatawa, da albashi, kana nema kamar yadda ake neman aiki. A Amurka da Kanada sashen ne ke ɗaukar nauyinka, kai kuma kana taya koyarwa ko bincike, kuma galibi ana rufewa a Disamba ko Janairu. Dokokin bizar Amurka ga 'yan Najeriya sun tsananta, saboda haka ka duba halin da ake ciki kafin ka kashe kuɗin fom.

Wasiƙar da za ka aika wa farfesa ta zama gajera. Mu mun saba da doguwar gaisuwa, ina gajiya, ya iyali, amma shi layi biyun farko zai karanta ya yanke hukunci. Ka faɗi ko kai wane ne da abin da ka karanta, ka ambaci wani bincikensa da ka karanta da gaske da abin da ya ja hankalinka a ciki, ka faɗi tambayar da kake son bincikawa da yadda ta haɗu da aikinsa, ka ambaci tallafin da kake nema. Ka haɗa CV da tsarin binciken shafi biyu. Da yawa ba za su amsa ba. Bayan mako biyu ka sake tuntuɓa sau ɗaya, sannan ka wuce ga wani.

Turawa da intabiyu

Ka tura saura mako guda. A ranar ƙarshe shafin yana cunkushewa, wuta na iya ɗaukewa, kuma agogon ƙasarsu ake bi, ba namu ba. Neman Chevening da Commonwealth da DAAD da na Turkiyya kyauta ne. Duk wanda ya ce yana da hanya a ciki, a ba shi kuɗi ya samo maka gurbi, ɗan damfara ne. Kada ka ba kowa kalmar sirrin imel ɗinka, kada kuma ka yarda a gyara maka maki ko a haɗa maka takardar aikin da ba ka yi ba. Takardar bogi a neman bizar Birtaniya tana iya jawo haramcin shekara goma.

Idan an kira ka intabiyu, ka sake karanta abin da ka rubuta har ya zauna maka, ka sa aboki ya yi maka tambayoyi da Turanci yana katse ka. Idan ta intanet ce, ka tanadi layi biyu na data da waya mai caji, ka sami ɗaki marar hayaniya, ka gaya wa mutanen gida kada a shigo. Ka kalli mai tambaya a ido. A gida sunkuyar da kai ladabi ne, a can ana iya ɗaukarsa rashin tabbas. Za a tambaye ka me ya sa wannan ƙasa, me ya sa wannan kwas, me za ka yi idan ka dawo. Idan ba a ɗauke ka ba, ka ajiye duk abin da ka rubuta. Mutane da yawa a nema na biyu ko na uku suka samu, kuma takardunka sun riga sun haɗu.

Bayan an ce ka samu

Ko cikakken tallafi ne, akwai kuɗin da zai fita daga aljihunka: tafiye-tafiye zuwa Abuja, gwajin tarin fuka da Birtaniya ke nema ga duk wanda zai zauna sama da wata shida, rigunan sanyi, da abin da za ka ci kafin alawus na farko ya shigo, wanda kan iya ɗaukar makonni. Wasu ma sai ka sayi tikiti da kuɗinka su biya ka daga baya. Ka fara tara wannan tun ranar da ka fara neman tiranskirif.

Maganar iyali kuma kada a bar ta sai takarda ta fito. 'Yar'uwa, ki zauna da Baba da Umma, ko da maigida, tun kafin ki tura fom. Ki nuna musu garin, da masaukin ɗalibai mata, da masallacin da ke kusa, ki haɗa su da wata 'yar Arewa da ta yi karatu a can su ji daga bakinta. Na fi jin ciwon wadda ta ci tallafi aka hana ta tafiya a kan wadda ba ta samu ba. Mai iyali shi ma ya sani cewa tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin masu mastas na koyarwa tafiya da mata da 'ya'ya, in ban da masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Ko inda doka ta yarda, alawus ɗin na mutum ɗaya ne, sai wasu tallafin digirgir da ke ƙara wani abu saboda iyali. Ka lissafa abin da za ka bar wa gida na cefane da kuɗin makarantar yara na tsawon shekarar. Idan ma'aikacin gwamnati ne kai ko malamin makaranta, ka rubuta neman hutun karatu da zarar takardar ta iso, ka bi fayil ɗin har a sa hannu, ka riƙe kwafin amincewar kafin ka hau jirgi.